Ganyen da Ba Ya Jure Tafiya

Shekara talatin da ɗaya Lallaɓau ya yi yana jigilar kayan lambu daga gonaki zuwa babbar kasuwa, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yanka albasa ɗaya da hannunsa ba. Ba wani ne ya tona masa wannan asirin ba. Shi da bakinsa yake faɗa, yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi. Idan kuwa ya zo ba da labarin abin da ya same shi a madafa, ba ya rage wa kansa komai, har ƙari yake yi.

Sunan ma a bakin aiki ya samo shi. Sauran direbobi idan suka hango rami sai su ƙara wuta su tsallake. Shi kuwa sai ya sauke giya, ya leƙo da kai ta taga, ya sa taya ɗaya a ramin, ya fitar da ita, sannan ya sa ta biyu. Motocin da ke bayansa su yi ta danna hon har su gaji. 'Yan dako ne suka laƙaba masa Lallaɓau don tsiya, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Amma dillalai sun san abin da suke so. Kwando ɗari biyu na tumatur zai ɗauko, ya sauke ɗari biyu, ba wanda ya yi ruwa a gindi.

A nan ya samo iliminsa na kayan lambu, kuma ilimi ne na gaske, sai dai na direba ne. A wurinsa kaya mai kyau shi ne wanda zai wuni a bayan mota ƙarƙashin tamfol, ya sha jijjiga, ya iso kasuwa yana hararar mutane. Tumatur sai mai koren kafaɗa, wanda idan ka matsa shi yatsanka ne zai ji jiki. Kabeji sai wanda za ka ƙwanƙwasa ya amsa. Kuɓewa doguwa mai ƙwari, karas mai kaurin ƙotar fartanya. Idan dole sai alayyafo, to ƙosasshe, mai kara da faffaɗan ganye. Sabon ganyen nan mai laushi da ke fitowa idan sanyi ya ja baya kuwa, ko kallo bai ishe shi ba.

"Kayan ragwaye ke nan," in ji shi. "Kafin ka sa giya ta uku sun suma."

Kowace tafiya manoma kan ce ya zaɓi na gida. Da wannan idon yake zaɓa, ya cika buhu, ya dire wa matarsa a ƙofar madafa.

"Hajiya, ga shi nan. Wannan ko wata zai yi bai san an tsinko shi ba."

"Sannu da hanya, Malam. Allah ya ƙara buɗi."

Da yamma a zubo masa abinci, miya ta yi kore shar, ganye na narkewa a baki. Shi a zatonsa aikin wuta ke nan, ita ke mayar da kaya mai tauri haka. Ya ci ya suɗe kwano, ya fita bencin ƙofar gida inda mazan layin ke zama, ya hau bugun ƙirji: shi gidansa ba a taɓa sayen kayan miya ba, kuma duk unguwar ba mai cin irin nasa, don zaɓe ma ilimi ne. Mazan sukan gyaɗa kai, wani ya kau da fuska yana gyara hula. Ko da ciwon baya ya raba shi da sitiyari, bai rabu da buhun ba. Duk mako sai ya hau motar haya zuwa babbar kasuwa, tsofaffin abokan aiki su buɗe masa kwanduna, ya dawo da abinsa a kafaɗa.

A shekarar da wannan abu ya faru, an yi wa Hajiya tiyata a ciki. Aiki ya yi kyau, ɗinki ya kama, amma bakinta ya mutu. Komai aka kawo mata sai ta kau da kai. Autarsu ta zo ta yi mako biyu tana jinya, sannan dole ta koma garin da take aiki, ga kuma yaranta ƙanana. Ranar da za ta tafi suka kai Hajiya asibiti a duba ta. Likita ya ɗora ta a sikeli, ya dubi allura, ya dubi kati, ya juyo wurin Lallaɓau.

"Baba, nan da kwana goma sha huɗu ku dawo. Abinci marar nauyi, mai kaɗan, ganye da yawa. Idan na ga ta sake raguwa, zan ba ta gado, mu sa mata roba ta hanci."

A cikin mota Hajiya ta kama hannun rigarsa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, kar ka bari a mayar da ni can. Wallahi na gaji da kallon silin ɗin nan." Ya yi mata alkawari ba zai bari ba.

Auta ta ce a nemo wata mata ta riƙa zuwa tana girki. Lallaɓau ya ce ina, ba a yi haka ba. Shi da ya ciyar da gari guda shekara talatin, mutum ɗaya ce za ta gagare shi? Auta ta dubi uwarta, uwar ta lumshe ido. Maƙwabta sun yi ta aiko da kwanuka, Allah ya saka musu, amma girkin masu lafiya ne, mai na yawo a sama, ƙamshin kaɗai ke tayar wa Hajiya da zuciya. Don haka abin ya dawo kansa, kamar yadda ya roƙa.

Ranar farko ya shiga madafa da ƙarfin gwiwa. Ya jawo babbar tukunya, ya tsaya yana kallon kayan buhunsa, sai hankalinsa ya ba shi abin da ya sani: lodi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Ya shimfiɗa karas a gindin tukunya, ya ɗora kabeji, ya jera kuɓewa a tsaye a gefe don kar kaya su yi motsi, tumatur a can sama inda ba abin da zai danne shi. Albasa ce kaɗai ta ba shi wahala. Ya yanka ta yana hawaye, ya yanka yatsansa, ya ɗaure da tsumma. Ya zuba ruwa, ya kifa murfi, ya ɗora dutsen niƙa a kai don ya zauna daram. Sannan ya rage wuta can ƙasa, don shi bai yarda da gudu ba ko a kan murhu. Awa biyu da rabi kayan nan suna kan hanya.

Da ya buɗe, abin da ya tarar ba shi da suna. Ruwan ya yi launin ruwan wanke-wanke. Tumatur ya saki tsami, kabeji ya cika gidan da wari, kuɓewa kuwa ta ƙi mutuwa, idan ka tauna sai zare ya cika maka baki. Duk da haka ya zuba a kwano mai fure, ya kai ɗaki da sallama.

Hajiya ta ɗebo rabin cokali, ta taɓa a leɓe.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ajiye nan, an jima zan ci."

An jima ya dawo ya tarar da kwanon yadda ya bar shi. Ya ɗauka ya koma madafa, ya ce bari ya ci da kansa don kar a yi asara. Cokali biyu ya yi, ya leƙa ta taga ya ga ba kowa, ya juye wa kaji. Yana rantsuwa har yau cewa kajin ma sun zagaya abin sau biyu suka wuce.

Washegari ya canza tsarin lodi. Rana ta uku ya ƙara awa ɗaya. Ya dafa, ya soya, ya daka a turmi ya tace. Kullum amsar ɗaya ce, sannu da ƙoƙari, ajiye nan. Idan Auta ta kira a waya sai ya fita tsakar gida ya ce, "Ummanki lafiya lau, yanzu ma ta ɗan taɓa." Ba ƙarya ya yi ba, taɓawar ce kawai take yi.

Amma akwai abin da ba zai iya ɓoye wa kansa ba. Kowace safiya shi ke ɗaga ta ya jingina ta da matashi, kuma hannun nan nasa ya shekara talatin yana ɗaga kwanduna. Yakan ɗaga kwando ya ce an rage tumatur biyar a ciki, a juye a ƙirga a tarar haka ne. Ran kwana na biyar hannunsa ya gaya masa ta ragu. Ran na takwas ya ɗaga ta sai ya ji kamar kwandon da aka riga aka sauke rabinsa. Ya gyara mata matashi, ya fita, ya zauna a kan turmi a bayan madafa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa a gangare. Ya yi mata alkawari, ga shi kwana shida suka rage, kuma shi da hannunsa yake tura ta gadon asibiti cokali-cokali.

Da safiyar kwana na tara, ya dawo daga babbar kasuwa da sabon buhu ke nan, Hajiya ta yi magana tana fuskantar bango.

"Na ji iska ta sauya. Sabon ganye ya fara shigowa ko?"

"Ya shigo. Duk ya cika bakin hanya, wahalallu, tun safe sun langaɓe."

Can ta ce, "Da za ka je wurin Iya mai ganye, a kwanar famfo, ka ce ni na aiko ka. Ka tafi mata da buhun nan."

Abin ya sosa masa rai. Iya mai ganye tsohuwa ce da ke zama a gindin katanga da faranti uku da bokitin ruwa, tana sayar da abin da ta tsinko a ɗan lambunta na bayan gari. Shi da manyan dillalai ke tashi su ba shi kujera, yau shi ne zai tsuguna gaban faranti? Amma mai jinya ba ya musu. Buhun kuwa ya ɗauka sadaka Hajiya ke son yi don neman sauƙi, ya saɓa a kafaɗa ya fita.

Iya na hango shi ta ajiye kofin da take yayyafa ruwa da shi.

"A'a! Yau mai buhun ne da kansa? Ya jikin 'yar tawa?"

"Da sauƙi, Iya. Ta ce in kawo miki wannan."

Ba ta yi godiya ba. Ta jawo buhun gabanta, ta kwance bakinsa kamar wadda ta saba, ta fara warewa tana magana ita kaɗai. Kabeji gefe guda, na mai gidan abincin tasha ne, shi ba ruwansa da tauri. Karas gefe guda, akwai mai kiwon zomaye da ke ɗauka. Tumatur ta zuba a kwali, ta ce sai ya kwana bakwai a ƙarƙashin gado kafin ya zama mutum. Da ta zo kan kuɓewa sai fuskarta ta washe.

"Kai, madalla. Wannan ta ƙosa sosai. Iri nake ajiyewa da ita. Rabin kuɓewar da ke lambuna jikokin taka ne."

Sannan ta juya kan farantanta, ta zaɓo damin alayyafo biyu ƙanana, ganyen bai fi kunnen jariri ba, da ɗanyar albasa mai ganye, da tumatur huɗu jajaye da suka nuna har suna neman fashewa. Ta miƙa masa.

"Ga canjinta, kamar kullum."

"Kamar kullum?" in ji Lallaɓau.

Iya ta ɗago ta dube shi. Sai a lokacin ta gane ta yi ɓarin baki, ta rufe baki da gefen mayafi, amma kafaɗunta na rawa.

"Au, ba ta taɓa gaya maka ba? Ai tun Auta tana goye muke wannan musayar. Kana fita, buhu ya biyo bayanka ta ƙofar baya."

Lallaɓau ya ce a nan ne ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya tsuguna. Miyar nan mai kore shar ta shekara talatin ta wuce ta gaban idonsa. Bencin ƙofar gida ya wuce, da bugun ƙirjin, da masu gyara hula.

"Wato duk unguwa an sani?"

"Mata dai sun sani. Mazan kuwa matansu ne suka hana su faɗa."

"To ita me ya hana ta gaya mini? Baki gare ta, ai ba kurma na aura ba."

Iya ta daina dariya. Ta ce, "Na taɓa tambayar ta. Ta ce kana shigowa ne a gajiye, ido ja, baya ya sage, amma da buhun nan a kafaɗa kana murna kamar yaro. Ta ce ba ita za ta rage maka wannan ba."

Kunya ta rufe shi, har ya yi kamar yana duba tumatur ɗin.

Iya ta jiƙa wani tsumma a bokiti ta naɗe ganyen. Ta ce yau da asuba ta tsinko shi, kuma kafin rana ta take dole ya shiga tukunya. Kar ya matse, kar ya ɗora komai a kai, kar rana ta gan shi. Ta ba shi aron tsohuwar lemarta. Haka ya taho, taku ɗari uku tsakanin kwanar famfo da gida, dami a tafin hannu ɗaya, lema a ɗaya hannun tana yi wa alayyafo inuwa, sanƙonsa kuma na shan rana. Ya ce a duk lodin da ya taɓa yi ba wanda ya tsorata shi kamar wannan. Mazan benci suka hango shi.

"Lallaɓau, amarya ka rako ne?"

"Ku dai ku yi shiru," in ji shi bai tsaya ba. "Na san abin da kuka sani. Munafukai."

Benci ya ɗauki dariya, har wani ya faɗo.

Ya shiga madafa, ya jawo babbar tukunyar nan, ya fara yanka ganyen albasa. Bai kai rabi ba ya ji abin da ya kwana tara bai ji ba, muryar Hajiya da ƙarfi daga ɗaki.

"Malam! Me kake yankawa?"

"Saƙonki ne."

"Kar ka taɓa komai. Zo ka ɗauke ni."

Ya ɗauko ta ya zaunar a kujerar roba a ƙofar madafa, ya tokare bayanta da matashi. Ta dubi babbar tukunyar da dutsen niƙan da ke gefenta, ta ce innalillahi. Ta sa ya sauko da ɗan kaskon da ke rataye a ƙusa. Mai cokali ɗaya. Albasa tukuna, sai ta yi laushi. Tumatur, ya matse shi da bayan ludayi. Gishiri da yatsu uku, ba da tafin hannu ba. Ganye a ƙarshe, kuma ba da wuƙa ba, ya tsittsinka da hannu.

Ya zuba ganyen, ya miƙa hannu zai ɗauko murfi.

"Kar ka rufe!"

"Ba tamfol?"

"Juya kawai. Juya. To, sauke."

"Hajiya, yanzu fa na zuba."

"Na ce ka sauke, Malam!"

Ya sauke. Minti uku bai cika ba. Ganyen ya kwanta amma bai mutu ba, ya yi kore shar, koren nan da ya shekara talatin yana ɗauka nasa ne.

Ta ce ya miƙo cokali ta ji gishiri. Ta ɗanɗana. Ta ce ba ta ji sosai ba, ta sake ɗiba. Ta ce akwai sauran shinkafar nan mai laushi da maƙwabciya ta aiko? Ya zuba mata kaɗan a gefen kasko. Sannan ya juya mata baya, ya kama wanke tukunyar da ba a ɓata ba, yana jin ƙarar cokali yana ƙirgawa a zuci yadda yake ƙirga kwanduna idan ana saukewa. Bai yarda ya juyo ba, kar idonsa ya kore ta. Goma sha ɗaya ya ƙirga kafin cokalin ya kwanta.

"Iya ta gaya maka ko?" in ji ta.

"Ta gaya mini."

"Ka ji haushi?"

"Na ji mana. Shekara talatin ina ce wa mutane ni ke ciyar da gidana, ashe zomaye nake ciyarwa. Ashe ni dillalin irin kuɓewa ne ban sani ba."

Ta fara dariya, ta dafe wurin ɗinkin tana cewa ya bari don Allah, zai farke mata aiki. Shi ma ya yi dariyar, yana share ido da tsumman yatsansa, ya ce albasa ce.

Kwana biyar ɗin da suka rage, kullum da sassafe yana kwanar famfo da lema. Iya ta koya masa karya koren wake a kusa da kunne, idan bai ce ƙas ba a bar shi. Ta ba shi karas 'yan sirara kamar yatsa, da latas da ko kallon kirki ba ya jurewa. Ya ƙona sau ɗaya, ya cika gishiri sau biyu, ya sha faɗa daga kujerar roba kullum, kuma bai taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Wata rana cokali tara, wata rana sha biyar, wata rana ta ture kwanon tun a na huɗu, hankalinsa ya sake tashi.

Ranar komawa asibiti ya ɗaga ta daga gado, ya ɗan tsaya da ita a hannu fiye da yadda ya kamata. Ta ce lafiya? Ya ce lafiya lau.

Likita ya ɗora ta a sikeli. Hajiya ta rufe ido, yatsunta sun kama gefen zaninta.

"To," in ji likita, "ba wani ƙaruwa sosai ba ne. Rabin kilo."

"Da 'yar ɗoriya," in ji Lallaɓau.

Likita ya sunkuya ya sake duban allurar, ya ɗago ya dubi tsohon da mamaki. Ya rubuta wani abu a kati, ya ce su tafi gida, duk abin da ake ba ta a ci gaba da ba ta.

Suka tari tasi a bakin asibiti. Direban matashi ne mai zafin ƙafa, ya ɗauki hanya kamar ana binsa. Hajiya ta jingina kai da gilashi, ido a lumshe, hannunta riƙe da hannun rigar mijinta. Daga nesa Lallaɓau ya hango ramin da ke gaban gidan mai, ya ji motar na ƙara wuta. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar direban.

"Ɗana, sauke giya. Taya ɗaya-ɗaya."

"Haba Baba, ƙwai muka ɗauko ne?"

"Wanda ba ya jure tafiya ka ɗauko. Gida nake so in kai shi."

Direban ya dube su ta madubi, ya taka birki. Ya sa taya ɗaya a ramin, ya fitar, ya sa ta biyu. Motocin baya suka fara danna hon.

Hajiya ba ta buɗe ido ba ta ce, "Malam, ka ce ya tsaya a kwanar famfo. Rana ba ta take ba, Iya ba ta tashi ba tukuna."